Matattun da Suka Cika Kwamfutar Saihu Liao

A wani layi na tsohon garin Tainan, in mutum ya mutu, kafin a gama buga wa 'yan uwa na nesa waya an riga an aika wa Saihu Liao hoto. Saihu suke ce wa duk mai sana'ar hannu da ya ƙware, kafinta ne ko mai gyaran babur, amma a layin nan in ka ce Saihu ka yi shiru, to Liao kake nufi. Aikinsa ɗaya ne tun yana saurayi: gyara hoton da ake kafawa a gaban akwatin gawa, wanda babban ɗa ke rungumewa ya shige gaba ranar jana'iza. Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya. Gajere ne, mai sanƙo, taurin kansa kuwa na bugawa a jarida ne.

Asalinsa ɗan ƙauyen masu kwasar gishiri ne a bakin teku. Ubansa ya ga ba zai taɓa iya ɗaukar kwando biyu a kafaɗa ba, ya kawo shi birni ya damƙa shi ga wani mai ɗaukar hoto. A wancan zamani da tsinin fensir ake gyara fuska a jikin fim, a cire ƙurji, a rage kumburin ido, hannunka na rawa ka lalata mutum. Da aka daina yayin fim, sa'o'insa suka rufe shaguna, wasu suka koma tuƙin tasi. Shi kuwa ya sayo kwamfuta, ya yi wata huɗu yana zaginta har suka saba. Ita ce dai har yau a kan teburinsa, shekara goma sha shida ke nan. Da fara ce, yanzu ta koma launin haƙorin mashayin taba, in an kunna ta sai ta yi tari tukuna kafin ta buɗe ido.

Mutanen layin ba sa ɗaukar hoto don mutuwa, wa zai jawo wa kansa? Saboda haka abin da ake kawo wa Liao ba ya kalluwa: hoton katin shaida, hoton biki da mutum ya leƙo ta bayan wani, hoton yawon haikali baki cike da abinci. Shi zai yanko kan, ya buɗe ido, ya rufe baki, ya rage shekara goma, sannan ya sa wa mutum kwat. Kwat ɗin guda ce tal, tasa ce ta ranar aure, ya rataye ta a ƙusa ya ɗauki hotonta. Maza sama da dubu huɗu sun tafi lahira a cikinta, har da waɗanda ba su taɓa sa takalmi mai igiya ba. Mata kuma wata riga ce mai furanni da ya ɗauka ta tagar wani tela. A-kiau, mai sayar da faten shinkafa da kifi a shagon da ke jikin nasa, takan ce in 'yan layin nan suka haɗu a lahira, sauran mutane ɗauka suke anko aka yi.

Abin da ya jawo masifa shi ne, Liao bai taɓa goge ko mutum ɗaya ba. In ka tambaye shi sai ya ce ai guguwa kan kawo ambaliya, hoto ya jiƙe, iyali su dawo neman wani. Faɗi ne kawai. Gaskiyar magana, a wurinsa mutanen nan zaune suke cikin kwamfutar, kowa da ɗakinsa da sunansa a ƙofa, shi kuwa ba mutumin da zai kori mamaci ba ne. Su dubu bakwai da ɗari uku da 'yan kai. Layin da ke nuna cikar ma'ajiya ya yi shekara biyu yana ja, sai ya yanko takarda ya liƙa a wurin ya daina gani.

Wata Talata da zafi ya taso tun da safe, babban ɗan marigayi Ang Hai-san mai kiwon kifi ya zo da gudu cikin kayan makoki. Ya tsaya a bakin ƙofa, don mai makoki ba ya shiga gidan mutane, ya miƙo hoto da hannu biyu.

"Saihu, ka rufa mana asiri. Mu biyar ne, kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya kawo maka. Sai da safen nan muka ga gaban akwatin fayau."

"Ƙarfe nawa aka yanke?"

"Ƙarfe ɗaya daidai za a fita. Mai duba rana ya ce ko minti ba a ƙarawa. In babu, sai dai Baba ya fita haka nan."

"Haka nan yaya? Ba fuska?" Liao ya fizge hoton. "Gardawa biyar rigis, ku bar ubanku ya fita ba fuska! Tafi ka ba ni wuri. Kafin ɗaya ina can."

Tun da ya kama sana'a ba a taɓa fitar da gawa daga layin nan ba hoto ba, kuma ba a kan Ang za a fara ba.

Hoton kuwa, tabɗi. Ang ne tsaye cikin tafkin kifinsa, ruwa har ƙugu, daga shi sai singileti, taba a baki, ido ɗaya a rufe, ya ɗaga wani ƙaton kifi wutsiyar ta rufe masa kunnen hagu. Liao ya ja tsaki ya hau aiki. Ya zare tabar, ya buɗe idon, ya ari kunnen dama ya juya shi ya manna a hagu, ya kwashe shekara goma daga goshi da kumatu, ya zura masa kwat da laktaye. Kafin tara da rabi Ang ya koma kamar manajan banki. Liao ya danna adana.

Kwamfutar ta yi nishi, ta yi shiru, ta sake nishi. Sai ga saƙo ya fito a tsakiyar goshin Ang: ba za a iya adanawa ba, babu wuri. Liao ya ce to a buga kai tsaye. Firinta ta ce ita ma sai an ba ta inda za ta ajiye aikin kafin ta taɓa takarda. A kashe a sake kunnawa kuwa ba ta taso ba, don yana kashewa Ang zai koma cikin ruwa da tabarsa.

"'Yar banza! Yau kika ga dama? Yau?"

"Yaya Liao, wa ake zagi da sassafe?" A-kiau ce ta leƙo, da ludayi a hannu. Shekara talatin suna maƙwabtaka, bakinta bai taɓa zuwa hutu ba.

"Wai babu wuri."

"To ƙarya ta yi? Ka cusa mata rabin gari. Ko maƙabartar gwamnati ai tana cika."

"Ban tambaye ki ba."

"Ni dama ba sai an tambaye ni ba."

Ya buɗe kwandon shara na kwamfutar, babu komai, to me za a samu a wurin wanda bai taɓa zubar da abu ba? Ya goge wasan karta da yake bugawa da rana, ransa na ƙuna. Ya goge sanarwar bikin haikali ta shekaru shida da suka wuce. Ya ɓare takardar da ya liƙa, ya ga layin nan ja wur har bango, ko gezau.

A-kiau ta kai hannu kan kwamfutar ta ɗauko fakitin gugguru. Babu mai hankalin da zai bar na'ura ba fakitin gugguru a kanta, don shi ke hana ta gardama, daga asibiti har ofishin 'yan sanda, kuma kowa ya san ƙa'idar: kore ne, ba a buɗe ba, kwanansa bai wuce ba. Tana juya shi wai tana duba kwanan wata, sai Liao ya ga fakitin ya lanƙwashe a hannunta. Ya karɓa ya girgiza. Shiru kake ji. An tsaga bayansa da reza an manne da salatif.

"A-kiau."

"Kada ka yi mini wannan kallon."

"A-kiau!"

"To ni ce! Ranar da ka je ganin likitan ido ka bar mini shago, yunwa ta kama ni. Wata uku ke nan fa, ai ta yi ta aiki lafiya lau."

"Wata uku tana zaune ba tsaro! Ke mai sayar da abinci, ki rasa abin da za ki ci sai na kwamfuta?"

Ta fita da gudu. Ta dawo da mai launin rawaya, shi kaɗai ya rage a kanti, Liao ya tare ƙofa da hannu biyu ya ce so take shagon ya kama da wuta. Ta sake fita. Can sai ga ta tana haki, ta zaro kore daga ƙarƙashin rigar aikinta. A kan na'urar mai kemis ta ɗauko shi, yana can yana auna jinin wata tsohuwa. Liao ya karɓa. Ya ɗora fakitin da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya danna adana. Babu wuri.

"Sai ya ɗan zauna tukuna," in ji A-kiau. "Ba su saba ba."

Ƙarfe goma da kwata ke nan. A-kiau ta lalubo makullanta, ta ɓalle wani ɗan filash da ke jikinsu, wanda take ajiye waƙoƙin motsa jikinta na safe.

"Ungo. Kwashi mutum dubu ka zuba a nan, ka gama da Ang, gobe ka mayar da su ɗakunansu."

Liao ya dubi filash ɗin, ya miƙe ya ciro littafin ranaku daga jikin ƙusa, ya lashi yatsa ya buɗe shafin ranar. Ya karanta da ƙarfi, yana bin layi da farce. Yau ta dace da binne mamaci, da aski, da sharar gida. An hana ƙaura, an hana kafa gado.

"Wannan da kike faɗa, ƙaura ce ko ba ƙaura ba ce?"

"Haba Yaya, fayil ne fa."

"Kin taɓa ganin an tashi mamaci daga makwancinsa ba a duba rana ba? Mutum dubu? A zuba su cikin waƙoƙin rawa?"

Ai A-kiau ita kanta sai da ta jira shekara biyu kafin ta sami ranar da za a tono ƙasusuwan surukinta a sake musu kabari. Ta mayar da filash ɗin aljihu tana gunaguni.

Sharar gida dai an yarda da ita, wato gogewa ta halatta. Amma ba ya share mutum bai tambaye shi ba. Ya kunna tsinken turare, ya sauko da pwe daga kan kanta. Itace ne guda biyu ja, kamar an tsaga goro, kowanne da shafaffen ciki da baya mai tudu. Ka yi tambaya ka jefa ƙasa. In ɗaya ya kife ɗaya ya kwanta rigingine, an yarda. In duka sun kife, an ƙi. In duka sun kwanta rigingine, dariya ake yi maka. Babbar magana kuwa sai an yarda sau uku a jere.

Ya fara da tsohon malamin makaranta.

"Malam Tiu, ni ne Liao mai hoto. Shekara goma sha biyar kana nan, iyalinka sun koma Taipei, ba wanda ya zo nema. Ka yi haƙuri, wani ne ke neman wuri. In share ka?"

Ƙwas. Duka sun kife.

"To ba komai, Malam. A huta lafiya."

Na biye shi ne Kueh mai naman alade, wanda ya yi shekara ashirin yana shari'a da maƙwabcinsa a kan taƙi ɗaya na katanga.

"Kada ka ɓata turarenka," in ji A-kiau. Aka jefa, suka kife, ɗaya ma ya hau kan ɗaya.

Wata Goggo Phua ta yi dariya sau tara a jere. A-kiau ta ce haka take, ko a jana'izar mijinta sai da aka fitar da ita waje. Wani tsohon kansila ya yarda sau ɗaya, ya yarda sau biyu, har Liao ya ɗora yatsa kan linzamin kwamfuta, a na uku ya ƙi ƙememe.

"Haka ya yi mana da gyaran magudana," in ji ta.

Gumi ya jiƙe Liao sharkaf, gwiwoyinsa na ƙara duk sunkuyawa. Cikin awa guda mutum goma sha ɗaya ne kacal suka yarda, dukansu masu kunya, irin waɗanda ko da ransu ba sa son takura wa kowa, hotunansu ma na katin shaida ne 'yan mitsi-mitsi. Ya yi wa kowanne godiya, ya goge. Layin bai motsa ko da faɗin gashi ba. Waya ta yi ƙara, ɗan Ang ne, ana jin algaita a bayansa. Liao ya ce yana hanya, ya kife wayar. Sha ɗaya da rabi ta wuce.

"Kai ma dai," in ji A-kiau. "Kana bin suna ɗaya-ɗaya kamar mai kiran rajista. Su dubu bakwai ne fa. Jera su da nauyi, mu fara da mai ƙiba."

"A'a, a bi tsari."

"Wane tsari? Ang zai fita ba fuska kana tsari?"

Ta ƙwace linzamin ta danna da kanta. Sunayen suka hargitse suka sake jeruwa. Na can sama, wanda shi kaɗai ya fi mutum dubu a haɗe, ba shi da sunan gida, ba shi da kwanan wata. An rubuta A-tin kawai.

A-kiau ta saki linzamin. Ta san A-tin, wa bai san ta ba a layin? Siok-tin ce, matar Liao, ta rasu shekara goma sha huɗu da suka wuce tana da hamsin da huɗu. Hoton jana'izarta shi ya yi da hannunsa, yana nan a bangon gidansa.

"Wannan kuma na mene ne, Yaya?"

Da kyar maganar ta fito, yana yi yana kallon ƙasa. Ashe da shekara ta zagayo bayan rasuwarta, ranar haihuwarta, ya dubi madubi ya dubi bango, ya ga shi ya yi gaba ita tana nan inda ya bar ta. Tsoro ya kama shi. In ya kai tamanin ya je ya same ta, ai cewa za ta yi wane tsoho ne wannan? Sai ya zo shago ya buɗe hotonta ya ƙara mata layi ɗaya a gefen ido. Daga nan abin ya bi jikinsa. Kowa na duniya rage masa shekara goma yake yi, ita kaɗai yake ƙara wa, ɗaya duk shekara, don su riƙa tafiya tare. Yakan bi yayarta a kasuwa daga nesa yana nazarin yadda matan gidansu ke tsufa, har matar ta taɓa kai ƙararsa wurin mai unguwa. Da A-tin ta cika sittin ya sa mata tabarau. A sittin da uku ya cire mata haƙori, ya kwana biyu tausayi na damunsa, ya dasa mata na zinariya. Kowane gyara da shimfiɗarsa daban, ɗaya a kan ɗaya, bai taɓa haɗe su ba, don yakan so ya ɗaga su ya ga hanyar da suka biyo. Haka fayil ɗin ya yi ta ƙiba yana cinye wuri. Bai taɓa buga shi a takarda ba, don aikin bai ƙare ba.

"Buɗe in gan ta," in ji A-kiau a hankali.

Ya danna. Kwamfutar ta yi dogon nishi ta ce babu wurin buɗewa.

Liao ya kunna sabon turare. Ya ɗaga pwe har goshi.

"A-tin, ni ne. Kin ga halin da ake ciki. Ga A-kiau da filash ɗinta. Na san an hana ƙaura, amma ke kaɗai ce, kwana ɗaya ne tal, gobe da sassafe in dawo da ke. In ɗauke ki?"

"Au, yanzu littafin ya daina aiki?" in ji A-kiau.

Bai kula ta ba. Ya jefa. Suka kife. Ya sake tsara maganar da daɗin baki, ya ce filash ɗin sabo ne, waƙoƙin ma masu daɗi ne. Suka kife.

"To in bar ki inda kike, in je in ba iyalin Ang haƙuri?"

Suka kife da ƙarfi, ɗaya har ya daki ƙafar tebur.

"Saura tambaya ɗaya," in ji A-kiau.

"Na sani."

Bai ji tsoro sosai ba, in za a faɗi gaskiya. Mai alade ya ƙi, malamin makaranta ya ƙi, bare matarsa ta shekara talatin? Ya yi ƙasa da murya.

"In share ki?"

Ɗaya ya kife, ɗaya ya kwanta rigingine.

"Ba ta ji da kyau ba. Babur ne ya wuce." Ya ɗaga murya. "A-tin, sharewa fa na ce. Gogewa. Ba a dawowa."

Ta yarda. Ya jefa na uku. Ta yarda. Sai ya yi abin da ba a yi, ya jefa na huɗu, ya cilla su sama har suka daki silin, ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera. A-kiau ta durƙusa ta leƙa, ta ɗago ta gyaɗa masa kai, an sake yarda.

Nan fa Liao ya hau faɗa, shi da kwamfuta da hayaƙin turare.

"Shekara goma sha huɗu ina zaune ina dasa miki furfura ɗaya bayan ɗaya! Kansila ya ƙi, mai alade ya ƙi, ke ce za ki yarda? Ko ɗan jan aji ba za ki yi ba? Dama halinki ne, ba ki ganin abu a ajiye sai kin zubar. Jariduna, takalmina na soja, rediyon babana!"

"Gaskiya ne," in ji A-kiau tana share ido da bayan hannu. "Ni ma ta taɓa zubar mini da tukunya, wai ta tsage."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba gogewar kaɗai ba, saurin yardar ce ta fi ƙona masa rai. Ya zauna ya yi tagumi, agogon bango na tafiya abinsa. Da kansa ya ɗago ya dubi Ang, ga shi nan cikin kwat yana jira da aron kunnensa. Liao ya jawo linzamin.

Kwamfutar ta ce fayil ɗin ya fi ƙarfin kwandon shara, in an goge ya tafi ke nan. Ta tambaya ko ya tabbata.

"Ni ban tabbata ba," in ji Liao. "Ita ce ta tabbata."

Ya danna. Ya ɗauka za a ɗan jima, za a ji wata ƙara, ko fitila ta ɗauke. Ina, kafin ya sauke numfashi an gama. Layin ya koma shuɗi. Ang ya adanu nan take, firinta ta farka ta hau aiki da zumuɗi, abin takaici.

Ya sa hoton a firam, ya ɗaura baƙin ƙyalle, amma sau uku yana zura makullin babur yana kuskure rami. A-kiau ta rufe tukunyarta, ta bar masu jiran abinci a tsaye, ta ce ya hau bayanta. Haka suka ratsa gari, ita da rigar aiki tana danna oda tana zagin masu mota, shi a baya rungume da Ang. Ɗaya saura minti goma suka tsaya a bakin rumfar makoki, algaita na tashi, masu ɗaukar akwati sun riga sun naɗe hannun riga.

Babban ɗan ya karɓi hoton kamar zai durƙusa. Sai matar marigayin, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ke zaune a gefe, ta ce a kawo ta gani, tunda ita ba za ta bi gawa ba. Ta kai hoton dab da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Kai ne Saihu?"

"Ni ne, Yaya."

"Ya yi kyau. Ban taɓa ganinsa da kwat ba." Ta shafa gilashin da yatsa. "Amma ka mayar mini da shi yaro. Dube shi, dube ni. In na ƙara shekara biyar ko goma sannan na bi shi, ai can cewa za a yi uwarsa ce ta zo. Anya zai gane ni kuwa?"

"Haba Mama," in ji 'ya'yan, suna ƙoƙarin karɓar hoton.

Ita kuwa Liao take kallo, shi ne masanin abin, amsarsa take jira. Ya buɗe baki zai ce zai gane ki mana, maganar da ya faɗa wa ɗaruruwan mata ba tare da ya ji komai ba. Ta ƙi fitowa. Kuka ne ya zo a madadinta, irin na ƙato, mai sauti. Ya zube kan kujerar roba yana yi ba ji ba gani, har ya danne na 'ya'yan su biyar, tsohuwar ce ma ta koma tana bubbuga masa baya. Ƙarfe ɗaya daidai aka ɗaga akwati, Ang ya fita da fuskarsa a gaba, Liao bai ko ɗago ba.

Wata baƙuwa da ta zo daga Kaohsiung ta matso kusa da A-kiau ta yi mata raɗa.

"A ina suka samo wannan mai kukan hayar? Ya san aikinsa."

"Ba na haya ba ne," in ji A-kiau. "Matarsa ce ta rasu."

"Ayya, bawan Allah. Yaushe?"

A-kiau ta dubi agogon hannunta.

"Ɗazu. Sha biyu da minti goma."